Dutsen da Na Jefi Inna Tabawa da Shi

Ku matso inuwa, ku da kuka zo karɓar saƙa da ku da kuka zo kashe rana. Ni ne Tunau masaƙi, haifaffen Birnin Lugudama, wanda ya ƙetare hamada da koguna uku, ya ci tuwon garuruwan da fatake ma ba su riƙe sunansu ba, ya dawo gida ba zinariya ba azurfa sai faso a ƙafa. Kun sha tambayata labarin ɗan dutsen nan da ke kan masaƙata, wanda bai kai ƙwan zabo ba. To, yau ƙoshiyar saƙa za ta huta, baki ya yi aiki. Mai sauri ya kama hanya tun yanzu, don ni ban iya taƙaitawa ba.

Saboda baƙin da ke zaune a nan, bari in fara da al'adarmu. A Lugudama ba mu da sarki, falalen dutse muke da shi a tsakiyar gari. Duk mai son a yi wani abu sai ya hau falalen ya yi wa jama'a magana. A gindinsa akwai rami biyu, na Na'am da na A'a, kowane magidanci kuma yana da ɗan dutse mai alamar gidansa. Idan mai magana ya sauko, kowa ya jefa nasa inda zuciyarsa ta kwanta. Nawa alamar ƙoshiya ke jikinsa tun zamanin kakana.

A shekarar da nake ba ku labari, Tafkin Sarma, wanda shi ne ruwan shanmu, ya yi shekara uku yana ja da baya. Aka tashi zaɓen Mai Ƙofar Ruwa, wato wanda zai riƙa raba ruwa tsakanin unguwanni, sai Makau ɗan Shekarau ya fito nema. Ya haɗa nemansa da wata buƙata, a zaɓe shi kuma a kori Yumɓawa daga gari. Yumɓawa maginan tukwane ne da kakanninsu suka zo mana shekara sittin da suka wuce. A bakin tafki suke haƙar yumɓu, kuma ba su da dutsen jefawa, sai dai su tsaya gefe su ji abin da aka yanke.

Cikinsu akwai Inna Tabawa. Mahaifiyata ta rasu ina ɗan kwana tara, Inna Tabawa ce ta ɗauke ni ta haɗa ni da ɗanta a nono. Har na girma na kafa masaƙa, kullum azahar sai ta kawo mini fura da kanta, ta zauna ta kushe saƙata son ranta, ta tafi.

Ranar taro Makau ya hau falale riƙe da wani ɗan tulu. Bai ce komai ba. Ya bar masu tari suka gama tarinsu, masu gaisawa suka ji kunya suka yi shiru, har kowa ya ƙosa ya ji muryarsa. Sannan ya ɗaga tulun ya yi magana ƙasa-ƙasa, dole muka miƙa wuya.

"Wannan tulun Ladingo ne, 'yata. Shekararta shida. Da shi take bin uwarta tafki. Ruwa ya koma taɓo, ta sha, kwana huɗu na kai ta makwancinta."

Ya kife tulun, ko ɗigo bai fito ba. Daga nan murya ta fara hawa. "Mu muka gina ganuwar garin nan. Mu muka tsare tafkin nan. Mu ne yau muke binne 'ya'yanmu da busasshen baki, a ƙasar da kakanninmu suka bar mana cike da ruwa." Duk sanda ya ce mu sai in ji ƙirjina ya buɗe, ni da ban taɓa ɗaukar tubali ɗaya na ganuwa ba. Sai ya koma tambaya. Wa ke haƙa bakin tafki safe da yamma? Wa ke da randuna jere a tsakar gida? Bai ba da amsa ba, gurbi ya bar mana, muka cika shi da kanmu. Muka ce su. Ya sake tambaya, muka sake cewa su, da ƙarfin da ya fi na farko. Tun daga hawansa har saukarsa bai ambaci sunan Bayumɓe ko ɗaya ba.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bakin rami ba. Na dai ji ƙarar dutsena a kan na mutane. Da na juyo sai ga Inna Tabawa can gindin tsamiya, ƙwaryar fura a hannunta, tana kallona. Dutse ɗari tara da goma aka samu a ramin Na'am, buƙatar Makau ta tabbata.

Da aka watse Inna Tabawa ta same ni a masaƙa kamar kullum, ta ajiye ƙwarya a gabana.

"Ka sha kafin ta tsinke," in ji ta. Ta leƙa saƙar. "Wannan gefen ya yi sako-sako."

Ta juya ta tafi. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Tun da nake ban taɓa tsanar kaina irin ta wannan yini ba.

Na tafi wurin Baba Cindo, tsohon da ke tsaron ramukan, na ce dutsena nake so.

"Akwai hanya," in ji shi. "Ba a korar mutum amfanin gonarsa na tsaye, don haka hukunci sai an gama girbi. Kafin nan, wanda ya jefa yana iya sa a buɗe ramin. Zai hau falale ya yi magana, ya cire dutsensa a gaban kowa, sannan ya kafa tambaya ɗaya wadda duk mai dutse zai zo bakin rami ya amsa. In fiye da rabin duwatsun suka fita kafin faɗuwar rana, hukunci ya rushe. Amma tun ina saurayi ban ga wanda ya yi ba. Wa ke son ya tsaya gaban jama'a ya ce jiya ba shi da hankali?"

"Ni zan hau, Baba."

"Kai, Tunau? Kai da ko akuya ka yi wa magana ba ta waiwayowa? Sau ɗaya ake buɗe ramin, ɗana. In ka ɓata ranar, Tabawa ka ɓata wa."

Ya ce fatake na ba da labarin wasu ƙasashe bayan hamada, inda aka ɗauki magana sana'a kamar ƙira da jima. In je in gano abin da aka yi mini, sannan in san abin da zan warware. Lokacin an gama shuka ke nan, wata huɗu nake da shi.

Na bi ayarin fataken gishiri, kwana ashirin da biyu muna cin rairayi, muka sauka a Birnin Zangarma. Birnin nan hasumiyoyi ne ko'ina, kowace da mai neman mulki a kanta, an yi masa bututun tagulla da ke kai muryarsa kowane lungu. Harshensu ko kalma ɗaya ban ji ba. Na tsaya gindin wata hasumiya ina kallon ikon Allah, hankalina kwance, a ganina tunda ba na jin yaren ba abin da zai taɓa ni. Mutumin ya saki gajeriyar magana, ya ƙara gajeriya, ya kawo doguwa mai gangarowa, ya tsaya, jama'a suka amsa. Ya sake, suka sake. Kafin zagaye goma kaina na rausaya, kafin ashirin ina amsawa tare da su da harshen da ban sani ba. Da ya sassauta murya ya dafe ƙirji, sai na ji hawaye na bin gemuna.

Wata mai sayar da albasa ta ja mini riga. Mutuniyar ƙasarmu ce, Gwaggo Yalwa, aure ya kai ta can.

"Kai baƙo, ka san abin da kake wa kuka? Cewa yake a daina ɗaure jakuna gabas da kasuwa, a koma ɗaure su yamma. Share fuskarka maza, ga masu duba ido nan."

Ashe a garin, da an gama jawabi sai dogarai su bi taro suna duba fuskoki. Duk wanda aka samu da hawaye ya zama mabiyin mai hasumiyar, a sa masa ƙarau na tagulla a ƙafa, ba shi ba fita gari sai ranar da ubangidansa ya faɗi. Sun riga sun shigo layinmu, idona kuwa jawur, sharewa ba za ta yi ba. Na fizgi wuƙar Gwaggo na durƙusa gaban kwandonta, na shiga yankan albasa kamar sana'ar gidanmu ce. Suka tsaya a kaina. Gwaggo ta ce musu sabon mai yi mata yanka ne, hannunsa bai faɗa ba. Babbansu bai yarda ba, ya sunkuyo ya kawo fuskarsa dab da tawa don ya tantance irin hawayen, nan take nasa idon ya cika taf. Abokin aikinsa ya dube shi, ya dubi ƙarau ɗin da ke hannunsa. Ba shiri suka yi gaba.

Kwana shida na yi ina yi mata yanka, tana nuna mini masu hasumiya ɗaya bayan ɗaya.

"Kiɗa ne, ɗan'uwa," in ji ta. "Biyu gajeru, ɗaya dogo, sai gurbi. Wanda ya amsa sau uku ya riga ya shiga, kuma zai kare maganar da ransa, don a ganinsa daga bakinsa ta fito."

Na tuna wanda ya ce su a Lugudama, na ci gaba da yanka.

Daga can na ƙetare kogi biyu na shiga Ƙasar Tsattsage. Tun daga nesa za ka ga ƙasar kamar gindin tsohuwar tukunya, tsaga nan tsaga can, wata taku ɗaya, wata ko doki ba zai tsallake ba. Harshensu ɗan'uwan namu ne. Na sauka gidan wani mai zuma, Barmo, shi ya gaya mini asalin abin. Suna da tudu inda shugabanni ke magana, kuma Allah ya yi ƙasarsu da jin magana. Duk ranar da mai jawabi ya ce su a kan tudun, jama'a suka amsa, sai ƙasa ta tsage tsakanin masu faɗa da waɗanda aka faɗa a kansu. Da idona na ga gidan da tsaga ta raba ɗaki da madafa, miji na wannan gefe, mata na wancan.

Kwana na uku da hantsi, ni da wasu baƙi bakwai muna zaune a rumfar baƙi ta kasuwa, wani mai neman shugabanci ya hau tudu. Zuma ta yi ƙaranci a shekarar, yana buƙatar wanda zai ɗora wa laifi. "Su masu zuwa da buhu wofi su tafi da shi cike," in ji shi. Jama'a suka amsa. Ƙasa ta yi wani gurnani, tsaga ta zagaye rumfarmu tana faɗi, bakinta na zubewa cikin rami marar gindi. Abin da muke tsaye a kai bai fi faɗin masussuka ba, kuma raguwa yake.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma na tuna abin da na gani da safe. Wata mata ta tsaya bakin wata tsohuwar tsaga ta kira maƙwabciyarta, "Asabe, miƙo mini muciyata," kuma daidai wurin da suka saba wannan kiran tsagar ta tsuke har kaza na tsallakewa. Na hango Barmo cikin taro, bakinsa bai gama rufewa daga amsawa ba.

"Barmo," na kira shi. "Ni ne Tunau, wanda ya ɗinke maka wuyan riga jiya."

Ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Na sake kira, na kuma sakewa. A na uku kunya ta kama shi ya ce, "Na'am, Tunau." Ƙasa ta motsa, tsagar ta tsuke tsakanina da shi, na daka tsalle na faɗa jikinsa. Da sauran suka ga haka kowa ya shiga kiran mai masaukinsa. Wani falke mai girman kai ne ya rage, bai taɓa tambayar sunan kowa a garin ba. Saura ƙiris ya halaka, sai matar da ke kai masa abinci ta fito daga taro ta kira shi, don ita ta riƙe nasa sunan.

Barmo ya raka ni har bakin gari yana ba ni haƙuri. "Wallahi da na ce su, ba kai nake nufi ba." Na ce masa na sani. Na san wannan magana fiye da yadda yake zato.

Rabin lokacina ya tafi sanda na ƙetare kogi na uku na hau Tudun Matankaɗa. Mata ne zalla ke sana'a a can, kuma mutanen garuruwa na kawo musu jawabin shugabanninsu kafin su yanke shawara. Suna da wata babbar ƙwarya, in aka yi magana a cikinta sai kalmomin su zubo kamar hatsin da aka sussuke, sannan a sheƙe a tankaɗe. Shugabarsu wata tsohuwa ce gajeriya mai kaifin baki, Uwar Kyallu.

Ni masaƙi ne, in na ga zane sau ɗaya na riƙe jerin zarensa, haka na riƙe jawabin Makau. Na zuba shi duka har da amsoshinmu, ƙwarya ta cika. Uwar Kyallu ta ɗaga ta sheƙe. Shirun farko ya tashi ƙaiƙayi, mu ɗin nan uku suka tashi, hawan murya da saukarta duk iska ta kwashe. Ina murna, ina jiran in ga ƙwarya wayam, sai ga tsaba cike da tafi biyu.

"Wannan fa, Uwa?"

"Gaskiya ce. Tafkinku na ƙafewa. 'Yarsa ta mutu, kuma har yanzu abin na cinsa. Ka zaci da ƙarya zalla ya ɗauki mutum ɗari tara?" Ta sa yatsa ta tono wata baƙar tsakuwa 'yar mitsitsiya. "Ga abin da kuka haɗiye, cewa Yumɓawa ne suka jawo. Kuma ka duba, ba daga bakinsa ta fito ba. Shi ya dafa ya miƙo muku, ku kuka jefa tsakuwar."

Na ce to ƙaiƙayin ne mugun abu ke nan. Ta ce a'a, kowace magana da nata take zuwa, ko gaisuwa ce, abin dubawa shi ne me aka naɗe a ciki.

To, a hanya na riga na saƙa nawa jawabin, kuma ina ji da shi. Duk dabarar da na gani na zuba a ciki, na juya bakin kibiyar kan Makau. Na gyara murya na faɗe shi cikin ƙwarya. Da aka sheƙe, ƙaiƙayi ya tashi har matan na tari. Aka samu tsakuwa ɗaya, girmanta ɗaya da ta farko, ita cewa take Makau ne ya jawo. Tsaba kuwa ƙwaya ɗaya tal. Uwar Kyallu ta ɗora ta a tafina, na ji tana faɗin abin da ke cikinta: ta shayar da ni, na jefe ta.

Raina ya ɓaci, na ce mata tsufa ya sa ba ta gane aiki mai kyau.

"Ai aikin na da kyau," in ji ta. "Zai ci. Za su kori Makau maimakon Yumɓawa, kuma su gode maka. In abin da ka zo nema ke nan, ka samu. Sauka lafiya."

Na sauko ina huci, ko sallamar kirki ban yi mata ba, abin da har yau yake damuna.

Na iso Lugudama an gama gero, dawa saura kwana biyu. Unguwar Yumɓawa duk ƙullin kaya, an kashe wutar gasa tukwane. Inna Tabawa ta rame. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka dawo? Ka yi baƙi." Na wuce na ce wa Baba Cindo ya buga gangar buɗe rami.

Da jawabina mai ƙaiƙayi na hau falale, don har lokacin ban yarda da Uwar Kyallu ba. Na yi shiru har masu tari suka gama. Na saki biyu gajeru, ɗaya dogo. Ni Tunau da akuya ba ta waiwaya, sai ga kawuna dubu na rausaya a ƙarƙashina. Daɗin wannan abu ya wuce misali, jama'a, wanda bai ɗanɗana ba kada ya yi saurin zagin masu mulki. Na ce wa ya zo mana da tulu wofi ya tafi da hankalinmu? Suka ce shi. Na ce wa ya karɓi ƙofar ruwa wata huɗu ruwa bai ƙaru ba? Suka ce shi, fuskoki suka juya wajen Makau. Yana tsaye gefe, ya tsufa cikin wata huɗun nan, tulun 'yarsa rataye a kafaɗa. Na ga wasu sun sunkuya suna laluben ƙasa, kuma ba irin dutsen da ake jefawa a rami suke nema ba. Saura amsa ta uku, tana bakin kowa, ni kaɗai ake jira.

Na dubi gindin tsamiya. Inna Tabawa na tsaye inda take rannan, tana yi mini kallon da ta yi mini rannan, bai canza ba ko kaɗan.

Na haɗiye tambayar. Na zauna daɓas a kan falale, abin da ba a taɓa yi ba, na yi magana da muryar da nake ciniki da ita a masaƙa.

"Kun ji yadda kuka amsa? Koyowa na yi, wajen wata mai albasa. Biyu gajeru ne, ɗaya dogo, sai gurbi. Haka aka yi mana rannan, haka na yi muku yanzu. Makau bai yi mana ƙarya ba. Tafki na ƙafewa. Ladingo ta rasu, Allah ya jiƙanta, na san ta, takan tsaya nan tana bin ƙoshiyata da ido. Abin da ban sani ba shi ne abin da ke shanye tafkin, kuma ba wanda ya nuna mana. Mu muka ce su."

Na sauka cikin rami, Baba Cindo ya taya ni tono har muka ga alamar ƙoshiya. Na fito na ɗaga dutsen.

"Ni dai ba su na jefa ba. Tabawa na jefa, wadda ta shayar da ni, tana tsaye da furata a hannu. Ga tambayata: kowa ya zo bakin rami ya faɗi sunan wanda ya jefa. In ya faɗa, ya ga dama ya bar dutsensa."

Aka daɗe ba wanda ya motsa, har na ce a raina na ɓata ranar kamar yadda Baba Cindo ya ji tsoro. Sai Nomau mahauci ya tako, ƙato guda, ya tsaya bakin rami.

"Ni Gambo kaɗai na sani a cikinsu," in ji shi. "Shi ya gina randar aurena." Ya miƙa hannu. "Baba, miƙo mini nawa, mai alamar wuƙa."

Daga nan aka yi layi. Wasu suka faɗi suna suka fashe da kuka. Wasu suka faɗi sunan wanda suke da tsohuwar rigima da shi, ido cikin ido, suka bar dutsensu suka wuce. Makau ne ya zo ƙarshe, rana ta yi ja. Baba Cindo ya ce masa wa ka jefa? Ya daɗe yana shafa tulun.

"Ruwan na jefa, Baba. Ban san inda zan same shi ba."

Bai cire dutsensa ba. Amma da zai wuce ya tsaya gabana ya ce, "Ka ambaci sunanta. Wata huɗu kowa tulun yake tunawa." Aka ƙirga waɗanda suka fita, ɗari huɗu da sittin da shida. Da dutse goma sha ɗaya muka haura rabi.

Kada ku ce komai ya gyaru. Gida goma sha tara na Yumɓawa sun ɗauki ƙullinsu sun tafi duk da haka, don sun ji sunayensu a bakin waɗanda suka bar dutse, ban kuwa ga laifinsu ba. Sai bayan shekara biyu aka gano rairayi ne ya toshe mashigar ruwa daga tsauni. Yumɓawan da suka rage, masu sanin ƙasa, su suka nuna wurin, Makau ya ja gaba wajen yashewa. Kuma kada ku ce ni ban yi dabara ba. Zaman nan da na yi a falale, da sauke murya, su ma da iska za su tafi in aka sheƙe. In wani cikinku ya kai Tudun Matankaɗa ya zuba wannan labarin a ƙwarya, zai ga ƙaiƙayi, ga shi tun ɗazu ba wanda ya yi tari.

Washegarin buɗe rami da azahar, Inna Tabawa ta zo da fura. Na miƙa mata dutsen da hannu biyu. Ta karɓa ta juya shi, ta shafa shi da babban yatsa.

"Yana da santsi," in ji ta. "Zai yi wajen goge tukunya. Ka sha kafin ta tsinke."

Shekara goma sha ɗaya tana goge tukwane da shi, har alamar ƙoshiyar ta shafe. Ranar da muka kai ta makwancinta ɗanta ya kawo mini shi, ya ce ita ta ce a mayar wa mai shi. Ba ta taɓa ce mini ta yafe ba, ni kuma duk ƙasashen da na je koyon magana ban taɓa samun bakin tambayarta ba. Ku taɓa shi ku ji, amma a hankali. Wanda ke kusa ya miƙo mini ƙoshiyar nan, wannan gefen ya yi sako-sako.